Masu Koren Zobe

Litinin, da azahar

Sakamakon mako na shida ya fito. Kajina, masu jan zobe, suna da ƙwan tsutsa wajen ɗari takwas da hamsin a kowane giram na kashi. Na Walƙiya, abokiyar aikina, masu koren zobe, ɗari da ashirin. Na sake lissafin nawa sau biyu, bai motsa ba.

Bari in rubuta yadda abin yake, don kada nan gaba in ruɗi kaina. Kajin iri ɗaya ne, rana ɗaya aka ƙyanƙyashe su, abinci ɗaya suke ci, dusar katako ɗaya aka shimfiɗa musu. Rana ɗaya muka ɗura wa kowace kaza ƙwan tsutsar ciki da sirinji, adadi ɗaya. Uba ne kawai ya raba su. Nawa tamanin 'ya'yan wani zakara ne, nata tamanin 'ya'yan wani. Abin da Dakta, shugabar binciken, take son ta sani ke nan, ko kaza tana gadon ƙarfin korar tsutsa daga ubanta.

Ranar da muka kama aiki, Dakta ta zube zobban ƙafa a tebur ta ce kowa ta zaɓi kala. Walƙiya ta ɗauki kore saboda ya dace da mayafinta. Ni na ɗauki abin da ya rage.

In an gama gwajin, dangi ɗaya za a ci gaba da kiwo, kuma wadda ta san kajin ita za ta zauna da su. Kujera ɗaya ce. Dakta ta faɗa mana tun farko.

Yau ta duba takardar ta ce, "Madalla, Walƙiya." Madalla da me? Zakara ne ya yi aikin.

Talata, da yamma

Walƙiya 'yar Kawu ce, tare muka gama jami'a, kuma tun da muka sami aikin nan a gidanmu take, gadonta yana kallon nawa. Ban san me ya sa nake rubuta wannan ba, kamar zan manta.

Muna cin abinci Umma ta tambaya ya aiki. Kafin in haɗiye lomata Walƙiya ta amsa.

"Gwaggo, 'yarki fa tsutsa take kiwo. Kajin rakiya kawai suka yi."

Umma ta yi dariya har ta ƙware. Na ce ai ba kulawa ce ta jawo ba, gado ne.

"To, Malama Tsantseni, wa ya ce kulawa ce? Ke komai sai kin kawo hujja. Ci abincinki."

Umma ta ce Walƙiya ta ɗauko Kawu, duk abin da ya taɓa sai ya yi albarka. Ta ce ni kuma dangin Abba na biyo, masu auna ruwa kafin su sha. Ba da mugun nufi ta faɗa ba. Na sani.

A lissafi, taubasai suna tarayya a kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayoyin gado. Na daɗe ina neman inda nawa kason ya maƙale.

Alhamis, da safe

Walƙiya ta manta safar hannunta, ta ɗauki tawa. Dakta ta ga hannuna tsirara ta yi min faɗa.

Asabar, da hantsi

Yau hutun Walƙiya ne, ni kaɗai ce a ɗakin gwaji. Na ɗauko samfurin kajinta da ya rage a firji na sake ƙirgawa da kaina. Babu wanda ya sa ni.

Na san yadda take aiki. Tana auna kashin tana waya. Tana dama shi a ruwan gishiri tana waƙa, ta tace, ta ɗiga a gilashin, ta leƙa madubin ƙara girma kamar mai leƙen taga, ta rubuta lamba. Ni sai na jira ƙwan ya gama tasowa saman ruwan, in bi layukan gilashin ɗaya bayan ɗaya, in dawo in sake bi. Na ce a raina ba yadda za a yi mai wannan gaggawa ta ga duk abin da ke ciki.

Ɗari da talatin na samu. Bambancin goma ba komai ba ne a wannan aikin.

Akwai wata a cikinsu, lamba goma sha bakwai, tana kiranta Gimbiya. Tun da aka fara ƙirga ba a taɓa ganin ƙwan tsutsa ko ɗaya a kashinta ba. Na haɗa nata gilashi uku. Na duba har idona ya fara ruwa. Fes.

Na wanke komai na mayar inda yake. Na shiga ɗakin kajina na tsaya. Zankayensu sun koɗe, ƙirjinsu ya fara tsini. Ba su yi laifin komai ba. Suna ci, abin da ke cikin hanjinsu yana cinyewa. Kiret biyu da 'yan kai na ƙwan kaji na kwasa yau. A ɗakinta, kiret biyu da rabi ya wuce.

Talata, bayan la'asar

Akwai taron masana kiwon kaji mako mai zuwa, a wani gari, kwana shida. Dakta za ta gabatar da abin da muka samu. Mutum ɗaya za ta tafi da shi.

Ba sai na rubuta ko wa ba.

Dakta ta ce in haɗa jadawalin da zane-zanen, tunda ni hannuna ya fi tsabta. Haka ta ce, ya fi tsabta. Na haɗa. Layin kore yana kwance a ƙasa abinsa, jan yana hawa kamar hayaƙi. Ni na zaɓi kaurin layin ma.

Juma'a, da yamma

Dakta ta ba Walƙiya wani ɓangare na jawabin, tana gwada shi a gaban madubin ɗakinmu. Ta ce tsutsar tana zama a babban hanji. Na ce ƙaramin hanji.

"Allah ya bar mana ke, Tsantseni. In na tsaya a gaban mutanen nan zan riƙa jin muryarki a ƙeyata."

Ta ari jakata mai taya. Ta ari baƙin takalmina, ta ce ya ɗan matse ta amma za ta daure. Umma ta ba ta turaren da ta ce min na baƙi ne.

Lahadi, da safe

Sun tafi. Na gyara gadonta don ba na son ganinsa a hargitse.

Litinin, da azahar

An wayi gari da magana daga ofishin sama: a fitar da kajin ɗaki ɗaya kafin ƙarshen mako. Babu wanda ya yi mana bayani. Wani ya ce abincin kaji ne ba zai kai ba, wani ya ce ɗakin ake so a ba wani sashe. Manajan gona ma bai sani ba, sai huci yake.

Ya kira Dakta a gabana, ya buɗe muryar wayar. Hayaniya ce a bayanta, maganar tana yankewa. Ta yi faɗa kaɗan, sannan ta ce to ba komai, dama sakamakon ya riga ya nuna.

"Masu ƙwai da yawa, a fitar da su. Masu ƙwai kaɗan ɗin su muke so. Ka ji ko? Ana kirana."

Ta kashe.

Manaja ya kalli wayar. Shekararsa ashirin yana ƙirga kiret kowace safiya.

"Ikon Allah. Masu ƙwai da yawa a kai mayanka, a bar ragwaye suna cin abinci. To, mutanen da suka ɗauki lafiyayyar kaza suka ɗura mata tsutsa da hannunsu, me kuma zai ba ni mamaki?"

Ya juyo wurina.

"Malama, masu koren zobe ne suka fi yin ƙwai, ko ba haka ba?"

Na ce, "E, su suka fi yi."

Ya kira mai sayen kaji. Alhamis da safe motar za ta zo.

Litinin, da magariba

Tambayar da ya yi min ita na amsa. Masu koren zobe sun fi yin ƙwai. Kowa ya ƙirga kiret zai gani. Ban yi ƙarya ba.

Talata, da safe

Mu a ɗakin gwaji in muka ce ƙwai, mun san wanda muke nufi. Ba ma ƙara komai a bayansa. Ni ma da na fara aiki sai da na yi kwana biyu ina ruɗewa. Wannan ba laifina ba ne, ba ni na koya wa Dakta magana a gajarce ba. Kuma ba ni ta kira ba. Da ta so ta kira ni, tana da lambata.

Na ba kajina ruwa. Na ba nata ma, na kwashe ƙwansu, na share gaban ƙofar. Ban rage musu komai ba.

In babu kore, da ja za a ci gaba. Ba za a rufe aikin ba, an riga an yi nisa. Dangin da tsutsa ta fi kamawa ma abin nazari ne, akwai masu bincike da suka yi suna a kansa. Na rubuta wannan ne kawai don gaskiya ne.

Talata, bayan la'asar

Walƙiya ta kira. Jawabin ya yi kyau, an tafa, wani farfesa ya tambayi sunanta. An yaba zanen ma, in ji ta, ta ce musu 'yar'uwarta ce ta yi. Sannan ta sassauta murya.

"Tsantseni, Dakta ta gaya min za a kwashe naki ranar Alhamis. Wallahi ban ji daɗi ba. Na yi ta tunaninki."

Na ce ba komai.

"Kada ki damu, kin ji? Zan yi wa Dakta magana, ko ɗan wani abu ne a samo miki, ko ƙirga ce ki riƙa taya ni. Ai ba zan iya ba sai da ke."

In riƙa taya ta.

Ta ce in gaida Gimbiya. Na ce za ta ji. Ta ce takalmin ya yi mata kanta a diddige, in ta dawo sai na biya ta diyya. Na yi dariya. Na ji dariyar da kunnena, ta fito daidai.

Laraba, da safe

Ban yi ƙarya ba.

Laraba, da yamma

Umma ta ce na rame. Ta taɓa goshina ta ce ko kewar 'yar'uwata ce. Ta ce tun muna yara haka muke, in an raba mu sai ɗaya ta yi zazzaɓi. Ba na tuna wannan. Abin da nake tunawa, in aka yi baƙi ita ake kira ta yi musu waƙar makaranta, ni in riƙe mata takalmi.

Na ɗauki waya na nemo lambar Manaja. Na duba ta, lambobin daidai suke. Na ajiye.

Wataƙila ma Dakta ta sake kiransa da kanta. Wataƙila motar ta lalace. Abubuwa da yawa suna iya faruwa ba tare da na sa hannu ba.

Alhamis, bayan azahar

Zan rubuta shi a jere.

Motar ba ta lalace ba. Ta zo da akurkai jibge a baya, ta tsaya a ƙofar ɗakin masu kore. Ma'aikata biyu suka shiga kamu. Ni na tsaya daga nesa da bokitin ruwa kamar ina da aiki.

Sai Manaja ya ƙwala min kira. Ya miƙo min filaya.

"Malama, dokarku ce ai, kaza ba ta fita da zoben bincike a ƙafa. Zo ki yanke, mu ba ma taɓa kayanku."

Na manta da wannan dokar. Ni da na haddace littafin ƙa'idojin gidan nan.

Suna miƙo min kaza, ina yanke zoben, ina jefawa a bokiti, ana cusa ta a akurki. Na ƙi duba lambobin. Na kafa idona a kan filayar. Amma hannu yana ji. Kowace na riƙe sai in ji nauyinta, ƙirji a cike, jiki da ɗumi, tana harbin iska da ƙarfinta. Na saba da nawa, da in ka ɗaga su kamar ka ɗaga tsumma. Mai sayen yana ta murna.

"Kai, waɗannan ai ba na yankawa ba ne. Manaja, ko dai kun yi faɗa da su ne?"

Akurki ɗaya ya cika, na biyu ya kusa. Filayar ta kuɓuce min ta faɗa bokitin. Na sunkuya in ɗauka, sai ga shi a sama, kore, a yanke, goma sha bakwai.

Na ɗago na kalli akurkan. Jajayen kaji, kai ɗaya, ido ɗaya, ƙafa ba komai. Ban san wace ce ba. Yanzu na riƙe ta, ko ɗazu, ban sani ba. Tun da na fara aikin nan ban taɓa ɓatar da lamba ɗaya ba.

Na ce, "Ku tsaya."

Ba su ji ba, sai da na ɗaga murya. Na ce wa Manaja ƙwan tsutsa Dakta take nufi. Masu ƙwan tsutsa da yawa za a fitar. Masu jan zobe.

Ya cire hularsa ya riƙe.

"Ƙwan tsutsa? Haba! To ita Dakta bakinta ciwo yake da ba za ta ce tsutsa ba? Yau da na kashe aikin shekara guda saboda kalma ɗaya!"

Ya yi ta faɗa, da Dakta, da ofishin sama, da waya, da boko gaba ɗaya. Ya kira ta, ta tabbatar, na ji ihunta daga inda nake. Aka sauke akurkan. Ashirin da uku na riga na yanke. Na sa aka ware su a wani keji daban.

Mai sayen ya ga nawa ya ɓata rai, ya ce an nuna masa amarya an ba shi kakarta. Haka dai ya kwashe su. Ni na yanke jajayen zobban, duka tamanin. Waɗannan na duba lambar kowace.

Da motar ta fita, Manaja ya zo karɓar filayarsa. Ya tsaya yana juya ta a hannu.

"Malama, ranar Litinin da na yi wayar nan, ai kina tsaye."

Na ce ina tsaye.

Ya dube ni. Ya sa filayar a aljihu ya tafi wajen injin ruwa.

Juma'a, da safe

Ɗakina babu kowa. An kwashe dusar, an fesa magani. Na je da bokitin abinci har ƙofa kafin in tuna.

Asabar, da yamma

Sun dawo, daga tasha kai tsaye gona suka wuce.

Dakta ta saurari Manaja. Ya ce waya ce ta yanke, shi ya fahimta a karkace, Malama ce ta tare motar. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai kalle ni ba. Dakta ta ce laifinta ne, ta dafa kafaɗata ta ce, "Madalla." Na daɗe ina son in ji kalmar nan. Ta zo ta wuce kamar an yi da wani.

Ta yi bayanin asarar. Ashirin da ukun nan an san ubansu, amma ba a san wace ce wace ba, don haka duk ƙirgar da aka yi musu ta makonni ba ta da mai ita. Za a sa musu sababbin zobba a fara daga farko. Ko an sami wadda kashinta ya fito fes, ba za a iya rantsewa ita ce goma sha bakwai ba, don kaza takan fito fes yau gobe a ga ƙwai. Da ita aka so a fara haɗa sabon dangi.

Walƙiya ta shiga kejin da takalmina a ƙafarta. Ta tsuguna tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, tana duba fuska, tana duba ƙafar da babu komai.

"Gimbiya. Ke ce? Don Allah ki yi min wata alama."

Ta ce tana jin wannan ce, mai ɗan duhun wuya. Can ta ce a'a, waccan ce. Ta zauna a kan dusar ta yi kuka, irin na yara, baki a buɗe. Ban taɓa ganin abu ya kuɓuce mata ba. Na zaci zan ji wani abu mai kama da daɗi. Na tsaya ina jira, bai zo ba. Amma ko kukan nata ma kyau ya yi mata, har Dakta ta tsuguna tana lallashi.

Aikina zai ƙare ƙarshen wata. Dakta ta ce za ta rubuta min takardar shaida mai kyau.

Lahadi, da hantsi

Umma ta ba kowa labari. Ta kira Kawu a waya, ta ce 'yarta ta sadaukar da kajinta don na 'yar'uwarta. Kawu ya yi ta sa min albarka. Na ce ba sadaukarwa ba ce, umarnin Dakta ne. Umma ta ce, kun ji ta ko, ko yabo sai ta gyara shi.

Walƙiya ta goge takalmin ta ajiye min a gefen gado. Ta zauna kusa da ni tana shafa mai a diddigenta. Ta ce ta yi ta tunani a mota, da na makara da minti goma da yanzu ba ta da komai. Ta ce ita da ita ce a wurin, da har motar ta tafi ba ta gane ba, kanta ba ya kama irin wannan.

"Ke kam Allah ya yi miki kai. Wai yaushe ma kika gane? Me ya faɗo miki?"

Tana murmushi ta yi tambayar. Babu komai a bayanta, na duba.

Na ce, "Ranar Alhamis. Da na ga motar."

Ta rungume ni, man hannunta ya ɓata min riga.